Iya Ba Ta Taɓa Tambayar Wa Ya Ci Ba

Duk wanda ya zo mana gaisuwar Iya da maganar ƙwallo ya zo, kuma dukansu ba su san ta ba. Iya ba ta son ƙwallo. Ba ta san mutum nawa ke shiga fili ba, ba ta taɓa kallon wasa ko a talabijin ba. Da za ka tsayar mata da gola da alƙalin wasa ka ce ta bambance, cewa za ta yi duk 'ya'yan mutane ne da aka hana zuwa gona. Na fara da wannan ne don na gaji da gyaɗa kai.

Iya kakata ce, mahaifiyar Baba. Ita ta riƙe ni a gidanmu na Zinyau tun da aka yaye ni. Ta rasu da hantsi, aka kai ta kafin la'asar, gobe kuma za a yi sadakar bakwai. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Ran sadakar uku samarin gidan kallo suka zo a ƙungiyance, wasu da rigar ƙwallo tana leƙowa ta wuyan kaftani. Shugabansu ya tsugunna a gaban maza ya ce su ma an yi musu mutuwa, domin a duk ƙasar Rano babu tsohuwar da ta san gasar ƙasa kamar Iya. Wai har sun yanke shawara kofin da suke bugawa bayan girbi za su sa masa sunanta. Liman ya ji, ya yi gyaran murya, da ya zo addu'a ya roƙi Allah ya yafe mata abin da ta yi na shagala. Kowa ya san shagalar da yake nufi. A cikin gida Goggo, ƙanwar Baba da ke aure a Unguwar Gai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, tana ce wa mata rikicin tsufa ne kawai, a bar tuna shi. Matan suna amsa mata da to, suna ƙunshe dariya. Wata ma ta kwaikwayi yadda Iya ke karkata kunne wajen rediyo. Na ɗauki tulu na fita, ba don ruwa ya ƙare ba.

Baba bai samu jana'iza ba. Daga gabas ya taso, inda yake zaune da Mama da ƙannena, ya iso washegari a motarsa ta haya. Tunda ya zo yana kan tabarma a ƙofar gida. In an ce masa ya haƙuri, ya ce da godiya. Bai shiga ɗakinta ba. Abincin da nake kai musu zaure, nasa yadda na ajiye haka nake ɗaukewa. Shekaranjiya na zo kwashe kwanuka, ina bayan ƙyaure, na ji shi da Baffa, ƙaninsa. Yana cewa gonar gado a bar wa Baffa da Goggo, shi ba ya buƙata, kuma in an yi bakwai ya tafi ke nan, ba shi da fuskar sake taka gidan nan. Baffa ya ce haba Yaya. Sai Baba ya ce:

"Ta tafi ba ta yafe min ba. Kai ma ka sani."

Shi ma Baffa abin da ya ɗauka ke nan. Ni kaɗai na san ba haka ba ne, kuma ni ce aka ce kada in faɗa.

Baba ɗan fari ne. Iya kuma ta wajen uwa Fulanin Rurum ce, don haka alkunyarta ta ninka ta kowa. Ban taɓa jin sunan Baba a bakinta ba. Mai shayin bakin kasuwa sunansu ɗaya, shi ma ya rasa sunansa a wajenta, ya koma "mai sunan wancan". In Baba ya zo gida ya tsugunna a bakin ƙofarta, bango take kallo ta amsa gaisuwa a taƙaice, ta tashi ta kama wani aiki. Haka ya taso ya gani, bai taɓa damunsa ba. Shi ma ai haka yake min. Ni ce 'yarsa ta fari, har yau "yarinyar nan" nake a bakinsa, kuma in yana da magana da ni Baffa yake gaya wa, ko da ina tsaye a wurin.

Ni kuwa da Iya ba abin da ba ma faɗa wa juna. Tana kirana mai bakin reza, ina kiranta tsohuwa mai ran ƙarfe. In na dafa miya ta ɗanɗana a bayan hannunta, sai ta tambaye ni wa ya ɓata min rai na huce a kan kuka. Ba ta son a tambaye ta abin da ke damunta. Amsarta kullum ɗaya ce, ita ba ta tallar cikinta. Ba ta iya zama hannu sake ba, ko hira take tana ɓare gyaɗa ko tana tsince wake. Kuma ba ta yarda da duk mutumin da ke magana da sauri ba, shi ya sa ranar da ta ce in ɗauko rediyon marigayi Malam, kakana, in goge masa ƙura, na ɗauka zolaya ce.

Ina firamare a lokacin. Baba ya daɗe yana jan bas ɗin ƙungiyar ƙwallo ta wata jiha a gabas, tun ana zaman lafiya. Sai yaƙi ya zo. Mu nan labari muke ji: an ƙone ƙauye kaza, an tare hanya kaza, an sa dokar hana fita. Kowa ya ɗauka za a dakatar da gasar ƙasa a shekarar. Ba a dakatar ba. Har yau ban gane wannan lissafi ba, a binne mutane da safe a busa usur da yamma, amma ba a tambaye ni ba. Abin da aka yi kawai, aka hana su Baba buga wasa a garinsu, tunda ba ƙungiyar da za ta yarda ta je. Aka ba su aron fili a wani gari. Wato duk mako su baƙi ne, ko wasan gida ko na waje. Kuma dole bas ta riƙa komawa gabas, don can iyalansu suke, can ofishinsu yake. Hanyar da mutane ke sayar da akuya su yi kuɗin mota don su gudo ta cikinta, ita Baba ke bi ya shiga ya fita da yaran mutane a bayansa. Ana cikin haka aka ɗauke sabis a can gaba ɗaya. Waya ta zama abin duba lokaci.

Iya ba za ta tambayi Baffa labarin ɗanta na fari ba ko za ta mutu. Baffa kuma ba zai kawo mata zancen ba, don rashin kunya ne. Sai ta ce in nemo mata tashar da ake maganar masu gudu da gajeren wando.

Da safe ake shirin wasanni, bayan labarai. Takan zauna ta ba rediyon baya da faifan gyaɗa a cinya, kamar ba ita ta sa a kunna ba. Mai shirin yana zuba kamar an buɗe famfo, sunayen ƙungiyoyi, wa ya lallasa wa, wa aka ba jan kati. Ta taɓa tambayata ko mutumin nan yana haɗiyar yawu kuwa. Ba ta kama komai a maganarsa, don haka aikina ne in saurara in ji sunan ƙungiyar su Baba. In an gama sai ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"An buga?"

In na ce an buga, sai ta ce a kashe, batir ba a gona ake shuka shi ba.

Wata rana na ƙosa na ce mata ita wace irin mai kallon ƙwallo ce da ba ta tambayar wa ya ci. Ta ce me ya dame ta da wa ya ci, tuwo ne? Sannan ta ce:

"Ana bugawa ba 'yan wasa? Su kuma 'yan wasan a ƙafa suka je?"

Shi ke nan bayanin da ta taɓa yi min. In an buga, mota ta isa. In mota ta isa, mai janta yana numfashi, aƙalla zuwa jiya da yamma.

Ƙauye ba ya ɓoye sautin rediyo. Kafin wata ya zagayo samari sun gano ƙungiyar da Iya ke bi. In ta fito za ta gidan suna ko unguwa sai su tare ta. Iya, an ba ku huɗu da nema jiya. Ta ce to madalla. Su fashe da dariya. Iya, golanku rariya ne. Ta ce Allah ya yi masa albarka. Suka ce wannan ita ce mai goyon baya ta gaske, duka ba ya karya mata zuciya. Ranar da ƙungiyar ta yi nasara suka rugo har ƙofar gida da albishir, ta ce to madalla, da murya iri ɗaya sak da ta ranar huɗu da nema. Ba wanda ya lura. Mutane abin da suke son gani suke gani.

Da damina ta yi tsakiya, dawa ta kai ƙugu, sai ga bas ɗin a Zinyau. Suna da wasa a wajejen nan, Baba ya roƙi koci ya bar shi ya ratse ya gaida gida. Gari ya fashe. Ban taɓa ganin dogayen mutane da yawa haka a wuri ɗaya ba, wasu ko ruwa ba su iya nema da Hausa ba. Iya ta ɗora tukunyar biki. Ta yi dambu da zogale, ta aika ruga aka kawo nono, ta sa aka yanka zakarun da take kiwo don Sallah. Baba ya tsugunna a ƙofarta, ta kalli bango ta amsa, ta tashi ta tafi wajen murhu.

A cikinsu akwai golan nan da ake ce wa rariya. Ya koma gindin rumbu ya zauna, bai taɓa abincin ba. Iya ta tambaya, aka ce an shiga ƙauyensu, kuma har ranar bai san inda mahaifiyarsa take ba. Ta kira shi bakin ƙofarta. Ita da kanta ta dama masa fura, ta riƙe ƙwaryar har ya karɓa. Ta zauna kusa da shi tana masa hira, ta tambayi sunan uwarsa, ta tambayi abin da take shukawa. Ta ce masa ya rame, ya riƙa cin abinci, ya daina zama ta bakin taga a mota. Ta ɗora masa hannu a ka ta yi addu'a doguwa, ƙaton nan yana hawaye kamar yaron goye. Baba yana tsaye can wajen turken awaki yana kallo. Shi abin da ya gani, uwarsa ta yi wa bare abin da ba ta taɓa yi masa ba. Ni da na girma na gane da wa take magana.

Kafin su tashi ta fita waje, wai akuyarta ta ɓalle. Na bi ta. Ta zagaya bas ɗin a hankali, har ta zo ɓangaren direba. Gilashin gefen babu, an toshe da kwali da salatif. A jikin ƙofar kuma akwai huda ƙarama, bakinta ya lanƙwashe ciki. Ta sa ɗan yatsanta a hudar. Ta daɗe a haka, sannan ta goge yatsan a zaninta ta koma gida.

Ta fara aika Baffa: a ce wa wancan ya ajiye aikin nan ya dawo gona. Baffa ya dawo da amsa, wai in an gama gasar bana zai duba. Sai Iya ta yi abin da ba a taɓa gani ba. Ta yafa mayafi ta fito zaure, ta tsaya a kan Baba, ta kalle shi ido cikin ido.

"Ka ajiye makullin motar nan."

Baba ya zube ƙasa, kansa a sunkuye. Ya ce ta yi haƙuri. Ya ce ba direban da zai karɓi motar, an nema an rasa. In ya ajiye, yaran nan motar haya za su riƙa shiga ɗaya-ɗaya a kan hanyar, shi kuwa ya san inda ake tsayawa da inda ba a tsayawa, sojojin shinge ma sun san fuskarsa. Ya ce wasunsu a hannun iyayensu ya karɓo su.

"In ka fita da motar nan, ba da yawuna ba."

Ta juya ta shige. Baba ya daɗe a tsugunne har koci ya fara danna ham. Ya tashi ya tafi.

Na ɗauka rediyo ya mutu daga ranar. Washegarin wasan tun ban gama wanke fuska ba ta ce in kunna.

Sai ranar da na fi tsoro ta zo. Mai shirin ya ce ƙungiyar su Baba ba ta halarci fili ba, abokan karawarsu sun jira har alƙalin wasa ya tashe su, kuma ba a san dalili ba. Ya wuce zuwa wani labarin. Iya ta ce an buga? Na so in yi mata ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce ba su je ba.

Ta ajiye faifan ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gidan da na riga na share. Ta sauya wa tuluna wuri, ta mayar da su inda suke. Ta warware dangar bayan ɗaki wadda ba abin da ya same ta, ta fara sake ɗaure ta. Da rana tsaka ta ɗauki fartanya ta tafi gona, ta dawo ba ta yi noman kirki ba. Samari suna ƙofar gida suna ta hayaniya, wai an cuce su, an ba wa waɗancan maki a bagas. Baffa kuwa kullum yana hawa dutsen bayan gari inda ake samun sabis, ya kira duk wanda ya sani, ya sauko. Iya tana ganin fitarsa tana ganin dawowarsa. Ƙafarsa take kallo, ba fuskarsa ba. Shi ya wuce ɗakinsa, ita ta ci gaba da danga. Kwanaki aka yi a haka. Gida ya zama kamar an ɗora tukunya an toshe murfi.

Na kasa daurewa, na ce Iya ki tambaye shi mana, ɗanki ne fa. Ta make ni da mafici, ta ce wata rana bakin nan nawa a gaba zai riƙa tafiya ina binsa a baya. Tuwonta na daren jiya yana nan a rufe, na ɗumama mata, ta ce goro ya ishe ta.

Ranar da Baffa ya samu labari, da gudu ya sauko, takalminsa ɗaya a hannu. Amma da ya zo zaure sai ya tsaya ya saisaita numfashi, ya shigo kamar ba komai. Ya tsaya a tsakar gida, ya ba Iya baya, ya ɗaga murya ya ce da ni:

"Ke, babanki ya bugo. Sojoji ne suka rufe hanya, suka kwana da su a wata makaranta. Kowa lafiya."

Iya tana riƙe da igiyar danga. Ta ce wa ya aike mu, za mu cika mata kunne. Ta shiga ɗaki ta saki labule. Da ta fito idonta ja, ta ce hayaƙi ne, alhali ba a hura wuta ba. Ta jiƙa gero ta daka gumba mai yawa, ta ce in raba gida-gida, in an tambaya in ce sadakar marigayi Malam ce.

A ƙarshen gasar ƙungiyar ta faɗa rukunin ƙasa. Samari suka zo mata jaje da gaske, har da masu cire hula. Ta tambaye su ko an gama ke nan. Suka ce an gama. Ta ce madalla, ta ba su goro. Ta ci gaba da sa ni kunna rediyo duk shekarun da Baba ya ƙara a aikin. Ranar da Baffa ya gaya min a gabanta cewa Baba ya sayi motar kansa ya bar ƙungiya, ta ce in cire batir ɗin in sa a tocila. Samarin dai ba su daina tare ta da labarin wasa ba, ita kuma ba ta iya gwasale mutum ba. Haka sunan ya bi ta har kabari.

Ga inda abin ya lalace, kuma a nan raina ke ɓaci. Bayan ranar zauren, duk Sallah Baba yana zuwa. Ya tsugunna a ƙofarta, ta kalli bango, ta amsa a taƙaice, ta tashi ta kama aiki. Daidai yadda take yi tun yana yaro, ba ragi ba ƙari. Amma shi yanzu ba kunya yake gani ba, fushi yake gani. Ya rage kwana, ya koma zuwa da safe ya juya da yamma. Wata shekara ya aiko Baffa ya nema masa gafara. Iya tana tankaɗe, ta ce me ya yi mata da za ta yafe? Ita nufinta babu laifi. Baffa kuwa in ka ba shi saƙo kamar ka ba shi buhu ne, yadda ya ɗauka haka zai sauke. Ya kai maganar kalma-kalma, Baba ya ji an rufe masa ƙofa. Manya uku masu hankali, magana ɗaya ta gagare su fiye da shekara goma.

Da daminar bana ƙafafunta suka kumbura. Wata la'asar ina shafa mata man kaɗanya a inuwar ɗaki, na ce yau dai sai na ji. Na tambaye ta kai tsaye ko ta yafe wa Baba. Ta ce ashe har yanzu ba a yi wa bakina kube ba. Na ce ba a yi ba, ta amsa min. Ta tauna goro, ta kalli awaki.

"Tun motar ba ta wuce kukar bakin gari ba na janye. Na ce ya Allah ka ji abin da na faɗa, to ban faɗa ba. Wa zai saki ɗansa a wannan hanya da baki a kansa?"

Ban taɓa jin ta ce ɗanta ba sai ranar. Na ce to me ya hana ki gaya masa, kin san yadda ya ɗauka kuwa?

"In buɗe baki in ce masa me? Ni fa na haife shi."

Na ce to ni zan gaya masa, har da rediyon, har da gumbar.

"Ki gaya masa, ki gani in ni zan yafe miki."

Ga matsalata. Ban sani ba ko wasa take. Tsakanin jika da kaka irin wannan magana ba komai ba ce, ta sha ce min in na ƙona mata miya ba za ta yafe ba har gaban Allah. Amma ranar ba ta yi dariya ba. Ba ta kuma ɗaure fuska ba. Goro ne a bakinta, ta miƙo min ɗaya ƙafar. Na ce zan sake tayar da zancen in ta samu sauƙi. Ba ta samu ba.

Mako guda ke nan ina juya maganar. In zauna in tashi, in shiga ɗakinta in fito. Na gwada Goggo, ban faɗi komai ba, na dai ce in mutum yana da saƙo mai nauyi zuwa ga mahaifinsa ya zai yi. Ta zaro ido ta ce 'yar fari ba ta zama da ubanta su yi zance, in gaya wa Baffa. Baffa! Wanda ya riga ya kai buhu ɗaya ya kashe gida. Ko ya kai daidai ma, Baba zai ce ƙaninsa ne ya ƙirƙira don ya lallashe shi ya karɓi gona. Ba zai yarda ba sai daga bakin wadda ta riƙe rediyon, wadda ta ga yatsan a cikin hudar. Shi bai ma san ta ga hudar ba.

Na auna. In wasa take, ban rasa komai ba. In da gaske take, to na saɓa wa matar da ta goya ni, kuma ba zan samu damar tsugunnawa a ƙofarta ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ina jin sa har cikin ƙashina. Amma na ga gemun Baba jiya da ya fito alwala, duk ya yi fari. Iya ta riƙe kunyarta har ta koma ga Mahaliccinta, ba wanda ya ga gazawarta. Ta gama nata. Ban ga dalilin da zai sa mai rai ya ci gaba da ɗaukar abin da aka sauke masa tun kafin ya bar gari ba.

Allah ya haskaka kabarinki, tsohuwa, ya yalwata miki shi, ya sa kin tarar da alherin da kika ɓoye. In da gaske kike, Allah ya sanyaya zuciyarki a kaina. Ke kika raine ni, kin san ba na iya riƙe magana.

Gobe in an shafa fatiha zai tayar da mota. Na riga na sa Baffa ya gaya masa yarinyar nan za ta bi shi zuwa Rano. Gaba zan shiga, ba baya ba. A mota ba mai kallon wani, shi idonsa a kan hanya, ni ma nawa a kan hanya. Muna hawa kwalta zan fara, daga ranar da ta ce in goge rediyo. In mun isa Rano ban gama ba, ba zan sauka ba. Ya wuce da ni Kano in ya so.